Sayen ɗan rago daga hannun mai kiwo: a tsaye, a feɗe ko gunduwa-gunduwa?

Mai 'yan tumaki a gida yakan sayar da ɗan rago ta hanya uku: a tsaye da ransa, a feɗe, ko gunduwa-gunduwa a kan kilo. Kafin a shiga ciniki, fara tambayar wane nauyi ake wa kuɗi, domin a nan ne mai saye ya fi tafka asara.

Ɗan rago mai kilo 40 a tsaye, idan aka cire fata, kai, ƙafafu da kayan ciki, abin da zai rage bai wuce kilo 18 zuwa 20 ba. In aka rage kitse aka zare wasu ƙasusuwa, sai ya ƙara sauka. Ke nan farashin kilo a tsaye, ninka shi biyu kafin ka kwatanta da na feɗaɗɗe. Kuma kada a ɗora shi a sikeli bayan ya cika tumbi da abinci da ruwa. A auna da safe kafin a ba shi komai.

Saye a tsaye shi ya fi sauƙin kuɗi, kuma kana ganin abin da ka saya. Buɗe bakinsa: in haƙoran gaba na ƙasa duk ƙanana ne na nono, bai kai shekara ba ko kuma yanzu ya kai, manya biyu a tsakiya sukan fito tsakanin wata 12 zuwa 18. Dafa gadon bayansa, ka ji tsoka ta rufe ƙashi, kada yatsunka su riƙa ƙirga shi ɗaya-ɗaya. Ja fatar idonsa ta ƙasa, in ta yi fari fat, jini ya yi ƙaranci, galibi saboda tsutsar ciki. Sai dai jigila da kuɗin mahauci a kanka suke, kuma dabbar da aka wahalar dab da yanka namanta kan yi duhu, ya yi saurin lalacewa.

Ga yawancin gidaje, rabin feɗaɗɗe ya fi dacewa: kilo 9 zuwa 10, da cinya ɗaya, karfata ɗaya, haƙarƙari, gadon baya da rabin wuya. A yi magana tun farko kan hanta da ƙoda, wa zai ɗauka, don nan ake yawan samun saɓani. Nemi a rataye naman a ɗakin sanyi, ƙasa da digiri 4, na 'yan kwanaki kafin a daddatsa, zai fi laushi. Tabbatar kana da wuri a firiza. A sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, manyan yanka sukan kai wata 6 zuwa 9, niƙaƙƙe kuwa wata 3 zuwa 4.

Gunduwa-gunduwa ya fi tsada, tunda mai kiwo zai rage da sassan da ba a rububi. Ya dace da wanda yake son ɗanɗanawa kafin ya sayi rabi.

Ko wanne ka zaɓa, tambayi ranar da aka yi wa dabbar allura ko aka ba ta maganin tsutsa na ƙarshe. Kowane magani yana da kwanakin da za a jira kafin yanka, a rubuce a jikin kwalbarsa. In kwanakin ba su cika ba, a ɗaga ranar yanka har sai sun cika.