Gwiwa ta biyu: a gida za a yi ko a waje, da yadda za ka tsara kuɗin kafin ka ɗaga fili

Tun da muka fara shirin yi wa mahaifiyarmu Hajiya aikin sauya ɗaya gwiwar da ta ƙarfe nake ta samun kira, wasu iyayensu ne ke fama wasu kuma su da kansu ne, kowa tambayarsa ɗaya nawa ne kuma ina ya fi, to na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya. Ni ɗan jinya ne da ya kwana a gefen gado kuma duk rasit ɗin aikin farko ta hannuna suka bi, don haka abin da zan faɗa na gani ne da ido.

Kafin maganar kuɗi, in likita ya ce maka "aiki na biyu" ka tsaya ka tambaye shi wanne yake nufi, don abu biyu ne kuma kuɗinsu ko kusa ba ɗaya ba ne. Akwai wanda aka yi wa ta hagu ta yi kyau yanzu ta dama ce guringuntsinta ya zaizaye, wannan aikin kamar na farkon ne sak, irin na Hajiya kenan. Akwai kuma wanda ƙarfen da aka sa masa ne ya saki ko ƙwayar cuta ta shige shi, sai an sake buɗe gwiwar an cire an sa wani, likitoci na ce masa ribishan, kuma wannan shi ne mai cin kuɗi na gaske saboda in an ɓamɓare tsohon ƙarfen ƙashi na biyo shi, sai an kawo ƙarfe mai doguwar ƙafa da ke shiga cikin ɓargo da wasu 'yan guntaye na cike gurbi, an fi daɗewa a tiyata an fi zubar da jini. In kuwa ƙwayar cuta ce ta daɗe a ciki to yawanci shiga tiyata biyu ne, a cire ƙarfen a sa siminti mai magani, a yi wajen sati 6 ana shan magani ko allura, sai awo ya nuna ta mutu sannan a koma a sa sabo, kaga kuɗin gado biyu kenan kuɗin tiyata biyu. Shi ya sa duk wanda tsohuwar gwiwarsa ke zafi ko kumburi kar ya yarda a yanka masa farashi sai an yi awon jini na ESR da CRP masu nuna alamar kumburi ko cuta a jiki, in sun hau a zuƙi ruwan gwiwar da sirinji a auna, awon nan ba tsada gare shi ba amma shi ne zai gaya maka ko lissafinka na aiki ɗaya ne ko na biyu.

Kuma kar wannan ya tsorata mai shirin ɗaya ƙafar. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna cikin gwiwa 100 da aka sauya gaba ɗaya, kusan 93 na nan lafiya bayan shekara 15, 82 kuma har shekara 25. Na rabin gwiwa wanda ake sauya ɓangare ɗaya kawai, wajen 70 cikin 100 ne ke kai shekara 25, an fi saurin warkewa da shi amma sai wanda gefe ɗaya ne kawai ya lalace masa.

Yanzu ina za a yi. Na farko asibitin gwamnati, ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da ke nan tun 1959, ga na Igbobi a Legas da na Inugu, ga asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, ga Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Kuɗin gado da na tiyata da na gashi, wato motsa ƙafar da masu fiziyo ke yi bayan aiki, nan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, amma kar ka ɗauka ƙarfen ma zai zo da araha, daga waje ake shigo da shi farashinsa da dala yake tafiya ko a ina aka sa maka shi. Sai haƙurin layi, ka je ka ga likita a rubuta hoto a ba ka wata rana, in yajin aiki ya faɗo a ɗaga. Abin da ka samu a madadin haƙurin nan shi ne likitan da ya yanka yana garinku, in ƙafa ta kumbura da daddare da safe kana ƙofar ofishinsa.

Asibitin kuɗi kuma a Kano ko Kaduna ko Abuja, sauri ka saya da ɗaki mai kyau, sau da yawa ma kwansaltan ɗin, wato babban likitan, da ke asibitin gwamnati shi za ka tarar a can. In nan ka zaɓa dan Allah kar ka karɓi farashi dunƙule, ka ce a rarraba maka a takarda, ƙarfe nawa, mai allurar barci nawa, kwana nawa ne a cikin kuɗin kuma in an wuce kowace rana nawa, jini na ciki ko babu, gashi na ciki ko babu, in aka koma tiyata cikin wata ɗaya wa zai biya. Kuma ka tambayi likitan kai tsaye cikin ladabi, ranka ya daɗe gwiwa nawa kake yi a shekara, ribishan fa ka taɓa yi nawa. Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambayar.

Sai waje. Ta farkon Hajiya a Indiya aka yi a 2022 kuma gaskiya aikin ya yi kyau ba zan ɓoye ba, can hannunsu ya faɗa saboda yawan yi, kuma tun watan Agustan 2017 gwamnatinsu ta ƙayyade farashin ƙarfen gwiwa, a lokacin na gama-gari ta tsayar da shi a kuɗinsu rufi 54,720 na ribishan kuma 113,950, shi ya sa kuɗin asibitin kansa kan zo da sauƙi in ka kwatanta da Ingila ko Dubai. Amma kuɗin asibiti rabin labari ne. Tikitin mutum biyu ne ba ɗaya ba, biza biyu, katin rigakafin shawara, daga Kano kuma sai an yada zango a Adis Ababa ko Doha da tsohuwa a keken asibiti, masauki na makonni don ba a sallame ka yau ka hau jirgi gobe, doguwar tafiya a zaune bayan aikin ƙafa na iya sa jini ya daskare a jijiya kuma in gudan ya tafi huhu rai ake magana, sai likita ya ba da izini. Ga abinci, Hajiya kwana uku ta ƙi cin nasu sai da na nemo masauki mai kicin na riƙa dama mata kunu da garin da muka taho da shi. Ga ejan, wanda zai ce maka kyauta yake taimako alhali kasonsa na cikin bil ɗinka, in za ka iya ka rubuta wa asibitin da kanka ka tura hoton gwiwa su ba ka farashi a rubuce. Masar ta fi kusa, akwai jirgi daga Kano zuwa Alƙahira kai tsaye, abinci da masallaci ba matsala, mutanenmu da yawa can suke zuwa yanzu, amma lissafin dala ɗin dai shi ne.

Kuma dalar nan ita ta sauya komai. Kafin Yunin 2023 a banki tana wajen naira 460, a farkon 2024 ta haura 1,500. Ɗauki misali bil na dala 6,000, da naira miliyan 2.76 ne, a kan 1,500 ya koma miliyan 9, aiki ɗaya asibiti ɗaya. To duk wanda ya ce maka "ai mu kaza muka kashe" ka tambaye shi wace shekara, kai ma kar ka ɗauko tsohon lissafin ƙafar farko ka ɗora a kan wannan.

Abin da ya fi tsaya min a rai ba kuɗin ba ne ma. Bayan mun dawo da kamar sati uku, wani dare Hajiya ta kira ni ta ce in taɓa gwiwar, na sa bayan hannuna na ji ta da ɗumi ta kuma yi suntum, na tura wa likitan can saƙo a WhatsApp shiru, ejan ɗin ma shiru, da safe muka tafi wajen wani likitan ƙashi a nan, abin da ya fara tambaya wane ƙarfe aka sa mata, wane kamfani, lamba nawa. Na zazzage ledar takardu a kan teburinsa, rasit na nan, hoto na nan, takardar sallama na nan, amma sitikar ƙarfen babu. Allah ya taimaka kumburin na gashi ne ba cuta ba, amma da sai an buɗe fa? Sai da na yi wata biyu ina bibiya kafin aka turo min. Kowane ƙarfe yana zuwa da sitika a kwalinsa mai sunan kamfani da girma da lamba, ko Zimmer Biomet ne ko Stryker ko DePuy ko Smith & Nephew ko Meril na Indiya, haƙƙinka ne a liƙa maka a takarda, ka ɗauki hotonta ka tura wa 'yan uwa biyu. Mai shirin ribishan kuwa wannan sitikar na iya rage masa kuɗi sosai, don wani lokacin robar tsakiya ce kawai ta cinye, in an san kamfanin sai a nemo irinta a sauya ba sai an taɓa ƙarfen ba.

Za a yi maka tallan ƙarfe mai tsada a ce yana lanƙwasuwa sosai har a yi sallah a ƙasa, ko a ce na'urar robot ce za ta yi aikin. Ni shawarata kar ka ƙure aljihunka a nan. Yawancin masu gwiwar ƙarfe suna kai digiri 110 zuwa 120 ne, ya isa tafiya da hawa mota da zama a kujera, amma zaman tahiya a kan ƙafa yana son fiye da haka nesa, kuma yadda gwiwar ke lanƙwasuwa kafin aiki da irin gashin da aka yi bayansa sun fi sunan ƙarfe tasiri. Hajiya a kujera take sallah, da farko abin ya dame ta har da hawaye, sai da malaminsu na islamiyya ya karanta mata hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, ka yi sallah a tsaye in ba ka iya ba a zaune, sannan hankalinta ya kwanta.

Wasu na tambaya me zai hana a yi duka biyun rana ɗaya a huta. Ana yi, kuma kuɗin gado da na tafiya na raguwa, amma jini ya fi zuba zuciya ta fi wahala, ga mai shekaru da hawan jini ko suga likitoci da yawa ba sa so, sun fi son a bar aƙalla wata 3 tsakani. Kuma ka tuna ƙafar da aka fara yi ita za ta ɗauki nauyin jiki duka, in ba ta yi ƙarfi ba a koma gashi tukuna.

Kuɗin da ke kayar da mutane shi ne na kafin aiki da na bayansa. Awon zuciya, awon ƙoda, awon suga na wata uku wato HbA1c wanda in ya hau za a ɗaga aikin ne kawai, haƙori mai ciwo ko ciwon fitsari a magance su tun da wuri don daga nan cuta ke bin jini ta sauka a ƙarfe. Jini leda ɗaya ko biyu, ku shirya 'yan uwa masu bayarwa. Maganin hana jini daskarewa na makonni bayan sallama, allurar Clexane ko ƙwaya, ba araha gare shi ba kuma ba a tsallake shi. Sai gashi, sati 6 zuwa 12, kuma nan ne aikin yake ci ko ya lalace, na ga Hajiya ta damƙe zanin gado tana salati yarinyar fiziyo na tura ƙafar a hankali tana cewa "Mama saura kaɗan", wanda ya tsaya a sati na biyu don kuɗi sun ƙare gwiwar sandarewa take yi, miliyoyin da aka kashe sun tafi a banza. Ka lissafa kuɗin motar zuwa gashin, adaidaita ba ta yi wa mai sabon ɗinki, ka lissafa wanda zai bar kasuwarsa ko aikinsa ya zauna jinya. Sauƙin na biyu shi ne woka, wato ƙarfen da ake dafawa a yi tafiya, da sanda da kujerar banɗaki na nan tun na farko, masan tsuguno mun riga mun mayar na zama, gado mun ɗaga shi.

In akwai inshora, ta tarayya wato NHIA da dokar 2022 ta kafa a madadin NHIS, ko ta jiha irin KSCHMA ta Kano, ka je ofishinsu da takardar likita ka ce su rubuta maka abin da za su ɗauka da wanda ba za su ɗauka ba, musamman ƙarfen, kar ka tsaya a "ai ana yi" na baki.

Mu dai yadda muka yi, mun zauna mu shida 'ya'yanta muka kasa kuɗin uku, na asibiti da ƙarfe, na wata uku bayan sallama, sai na ko-ta-kwana da muka sa kashi ɗaya cikin biyar na jimlar, muka yi alƙawarin ba za a karɓi ranar tiyata ba sai kaso na biyu ya cika yana asusu daban ba mai taɓawa. Kuɗin ƙarfen muka fara biya da zarar an yanka farashi don kar canji ya motsa. A ganina ɗaya ƙafar da ba ta da wata rikitarwa a yi ta a gida wajen likitan da ya saba, kuɗin tikiti da masauki a zuba su a gashi, ribishan mai cuta ko wanda ƙashi ya cinye sosai shi ne za ka bi duk inda kayan aiki da ɗakin awo mai kyau suke ko a Najeriya ko a waje, kuma ko wajen za ka ka fara samun likitan gida da ya yarda zai karɓe ka in ka dawo. Ta Hajiya a nan Kano za a yi in sha Allahu, yanzu sugan muke jira ya sauka, an ba mu sati shida mu koma awo, kullum da yamma tana zagaya tsakar gida sau goma da sandarta jikokinta na ƙirga mata. Ku sa ta a addu'a.