Masu Kawo Yashi da Tifa a Katsina: Kaya Mai Kyau, Amma Daga Ina Ake Ɗebo Shi?

Masu tifar da suka riƙa kawo mini yashi lokacin da nake gini a bayan garin Katsina mutane ne masu cika alkawari, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya taɓa tara leburori da magina suna zaman jiran mota. Lodinsu cikakke ne, farashin da aka yi da baki shi ake biya, sannan ba su haɗa yashin bulo da na filasta. Maginina ya zuba yashin a kwalba da ruwa, ya girgiza, ya ajiye har ya kwanta, sai muka ga lakar da ta taru a sama 'yar siririya ce, abin da ke nuna siminti zai kama sosai.

Abin da ya hana ni yaba musu gaba ɗaya shi ne wani lodi da ya zo a jiƙe sharkaf a tsakiyar rani, cike da ɓawon dodon koɗi, wasu ma da rai a ciki. Da na tambayi direban, sai ya ce: "Alhaji, ai na ƙasan gulbi ne, da katafila ake haƙo shi, shi ya sa ya fi tsabta." Gaskiyarsa ce game da tsabtar, amma a nan matsalar take.

Gulaben ƙasar Katsina, irin su Gada da Karaduwa, suna ƙafewa da rani, sai dai yashin ƙarƙashinsu yakan riƙe danshi, kuma a cikin wannan danshin ne dodon koɗi da tsutsotsin ruwa da ƙwayayen ƙananan ƙwari suke fakewa har damina ta dawo. Idan katafila ta kwashe wannan shimfiɗar, ta kwashe mazaunin da irin gaba ɗaya. Inda kuma ake haƙa alhali akwai ruwa, lakar da ke tashi tana toshe gaɓoɓin da waɗannan halittu ke numfashi da su, tana hana hasken rana isa ga gansakukar da suke ci, sannan idan ta kwanta a can gaba sai ta cike 'yan kafofin da ke tsakanin tsakuwa, iskar da ke cikin ruwan ta kasa ratsawa. Halittun da ba su jure dagulallen ruwa su ne ke fara ɓacewa, a bar masu jure ƙazanta kaɗai. Tarwaɗa da sauran kifaye kuwa da waɗannan ƙananan halittu suke rayuwa, musamman suna ƙanana, don haka masuncin da ke kamu a dam ɗin Zobe ko na Jibiya yana da ruwa da tsaki a maganar. Ramukan da ake bari ma ba alheri ba ne, domin ruwan da ke kwanciya a cikinsu wurin hayayyafar sauro ne da irin dodon koɗin da ke yaɗa cutar tsargiya, ga kuma gaɓar gulbi da ke zaizayewa tana cin gonakin masu noman rani.

Ban ce a daina ɗibar yashi ba, tunda babu ginin siminti sai da shi, kuma matasa da yawa da shebur suke ci da iyalinsu. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa duniya na amfani da kusan tan biliyan 50 na yashi da tsakuwa a shekara, kuma a Najeriya dokar ma'adinai ta 2007 ta sa haƙar yashi cikin ayyukan da ke buƙatar izini. Ya kamata masu tifa su iya gaya wa mai saye inda suka ɗebo kayansu ba tare da an matsa musu ba, kuma a nan ne waɗannan suka gaza.

Daga baya na gindaya musu sharaɗin cewa busasshen yashi nake so, wanda ambaliya ta tara a sama, nesa da gaɓa da kuma inda ruwa ke kwance. Sun amince, ko da yake sun ƙara kuɗi kaɗan saboda da hannu ake lodinsa, kuma sai da aka tankaɗe shi kafin a yi filasta. Wanda zai yi hulɗa da su, ya faɗi wannan sharaɗin tun kafin a yi ciniki, ya kuma duba lodin kafin a juye.