Wankin Ido na Famfo, na Tanki ko Kwalba: Wanne Ya Dace da Wurin da Ake Aiki da Asid da Soda?

Wani ma'aikaci ya tambaya cewa a wurin aikinsu ana cajin batura masu ruwan asid, ana kuma jiƙa kastik soda don wanke injina. Shugabansu yana son sayen kwalaben wanke ido a rataye a bango, shi kuwa yana ganin gara a kafa na'ura, ko mai haɗe da bututun ruwa ko mai tanki. Wanne ya fi?

Ɗan'uwa, a fara da mudun da za a auna su. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce ta Amurka, ANSI/ISEA Z358.1, bugun 2014. Turai na da tata, EN 15154. Ta Amurka tana neman mutum ya isa wurin wankin cikin daƙiƙa 10, wato kimanin mita 17, ba hawa matakala, ba kaya jibge a hanya. Ruwa ya fito cikin daƙiƙa ɗaya da taɓa mabuɗin, ya ci gaba da zuba ko an saki hannu, har aƙalla minti 15, zafinsa tsakanin digiri 16 da 38 a ma'aunin Selsiyas. Na'urar ido ta ba da aƙalla lita 1.5 a minti, ta ido da fuska lita 11.4, shawar jiki kuwa lita 75.7.

Kwalba ta faɗi tun a nan. Galibinsu rabin lita ne zuwa lita ɗaya, ko minti ɗaya ba za su kai ba a wancan gudun. Babbar matsalar ma hannu ce: idon da sinadari ya shiga rufewa yake yi gam, sai an sa yatsu an buɗe fatar da ƙarfi. Hannu ɗaya na matsa kwalba, ɗaya na buɗe ido ɗaya, to ɗaya idon fa? Amfanin kwalba shi ne a fara zuba ruwa nan take yayin da ake jan mutum zuwa na'ura. Iyakarta ke nan.

Gasar gaskiya tana tsakanin na famfo da na tanki.

Na famfo ruwansa ba ya ƙarewa muddin bututu na kawowa, kuma a wurinku wannan ba ƙaramin abu ba ne. Asid yana daskarar da naman da ya taɓa, abin da ya daskare sai ya ɗan tare masa hanya. Soda da danginta, irin su amoniya da ɗanyen siminti, narkar da nama suke yi suna ƙara nutsawa cikin ido, shi ya sa minti 15 mafi ƙaranci ne, sau da yawa sai an kai minti 30 ko fiye. Tanki ba zai ba ka wannan ba sai da mai sake cika shi.

Amma na famfo yana da nasa cututtukan. Ruwan da ya kwana makonni a reshen bututu yana tara tsatsa, laka da ƙwayoyin cuta, ciki har da Acanthamoeba, wadda ke cin saman ƙwayar ido, musamman idon da ya riga ya ƙone. Don haka ake kunna shi kowane mako har sai tsohon ruwan ya fita tas. Sai zafi: bututun da ya bi ta rufin kwano ko ta gefen tukunyar injin yana iya kawo ruwan da ya wuce digiri 38, wanda ke ƙara ƙuna yana kuma hanzarta aikin sinadarin. Mai sanyi ƙarara kuma ba mai jure masa minti 15, mutum zai janye kansa da wuri. Maganin duka biyun shi ne bawul mai gauraya ruwan zafi da na sanyi da kansa, a kuma naɗe bututun da abin da ke tare zafi da sanyi. In ruwan wurin yana ɗaukewa ko ƙarfinsa na faɗuwa idan an buɗe wasu famfuna, na'urar ado ce kawai.

Na tanki, wanda nauyin ruwa ke turo shi, ba ruwansa da bututu. Lissafinsa a fili yake: lita 1.5 sau 15, lita 22.5 ke nan, duk tankin da bai kai haka ba a bar shi a kanti. Ya dace da wurin da ba ruwan famfo tabbatacce ko aikin da ke yawo daga wuri zuwa wuri. Shi ba a kunna shi duk mako, tunda hakan zubar da ruwansa ne. Dubawa ake yi, a ga matakin ruwa, yoyo, da ranar canji. Ruwan da aka zuba wa maganin hana lalacewa a canza shi a lokacin da kamfanin ya rubuta, mai zuwa a rufaffen mazubi kuma a bi ranar ƙarewarsa. Inda aka fi yin sakaci: a yi amfani da shi sau ɗaya, a manta ba a cika ba, ko a ajiye shi inda rana ke dukansa.

Ga abin da tambayar ta tsallake. Mai ɗaga jarkar soda ba ido kaɗai yake sa wa a haɗari ba, ƙirji da cinya ma suna ciki, kuma na'urar ido ba ta wanke jiki. Shawa na cin sama da lita 1,100 a minti 15, don haka sai bututu mai kauri ko babban tanki na sama da aka yi don wannan aikin. Kan shawar ya kasance tsakanin santimita 208 da 244 daga ƙasa, sandar da ake ja a kunna shawar kada ta wuce santimita 173, don gajere ma ya kai. A cire tufafin da suka jiƙe ana ƙarƙashin ruwan, har takalmi, domin yadi riƙe sinadari yake yi a jikin fata.

Shawararmu a wurinku: in ruwan bututu tabbatacce ne, a kafa mai haɗa shawa da wankin ido a ginshiƙi ɗaya daf da inda ake jiƙa soda, ba a ƙarshen mita 17 ba, domin ƙa'idar ma ta fi son a kusanto da shi inda sinadari ke da ƙarfi. Ɗakin batir, in yana da nisa, a ba shi nasa, ko da na tanki ne. Kwalabe su zauna kusa da hannun ma'aikata a matsayin ƙari.

Ranar karɓar aiki daga mai haɗawa, a buɗe shawa da na ido lokaci guda. Idan ruwan idon ya kwanta da zarar an ja sandar shawa, bututun da ya kawo ruwan ya yi siriri, a sa shi ya canza kafin a sa hannu a takarda.