Yashi ko baƙar ƙasa: da wanne za a daidaita filin ciyawar gida?

Hajiya, barka da warhaka. Tambayar da kika kawo wa zaure ita ce, filin ciyawar tsakar gidanki a Kaduna, mai faɗin kimanin murabba'in mita 80, wanda aka dasa wa kiri-kiri shekara huɗu da suka wuce, ya yi tudu da kwari, ruwa yana kwanciya a wasu wurare, injin yanka kuma yana aske tudun har ƙasa ta bayyana. Gadinanki, wato mai kula miki da ciyawar, ya ce a sauke tifar yashi a baje, maƙwabcinki kuma ya ce baƙar ƙasa da taki su ne magani. A ganina yashi ne ya kamata ya fi yawa a cikin abin da za a zuba, amma ba shi kaɗai ba, kuma tifa guda ta wuce buƙatarki nesa ba kusa ba.

Abin da ya fifita yashi a wannan aiki shi ne ba ya sauya girma. Ƙwayarsa dutse ce da ruwa ya niƙa, ba ta ruɓewa, ba ta kumbura idan ta jiƙe, ba ta tsukewa idan ta bushe, saboda haka kwarin da aka cike da shi bana kusan haka za a tarar da shi baɗi. Idan busasshe ne yana zurarewa tsakanin ganyen ciyawa ya sauka gindinta da 'yar shara kaɗan, ba ya dunƙulewa, kuma yashin rafi da ruwa ya wanke da wuya ya zo da 'ya'yan ciyayin da ba a so. Duk wanda yake neman fili ya kwanta sumul, babu abin da zai ba shi hakan kamar yashi.

Sai dai ya kamata a san inda wannan al'ada ta samo asali, domin a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Daga filayen wasan golf ta fito. A shekarar 1960 hukumar wasan golf ta Amurka ta fitar da tsarin gina wurin da ake jefa ƙwallo a rami, inda ake shimfiɗa haɗin da yawancinsa yashi ne mai zurfin kimanin santimita 30 kafin a dasa ciyawa. Masu kula da irin wannan fili idan suka barbaɗa yashi a sama, yashi suke ƙarawa kan yashi, sannan suna da ma'aikata da ke ba da ruwa da taki a kan kari. Tsakar gida ba haka take ba. Yashi ba shi da abincin da ciyawa za ta ci, ba ya riƙe laima, kuma takin zamani da aka watsa masa yakan bi ruwa ya wuce ƙasa kafin saiwa ta amfana. A watan Maris da Afrilu, lokacin da rana ta fi ƙuna, wuraren da aka jibga wa yashi da kauri su ne farkon yin rawaya, sai filin ya zama dabbare-dabbare. Mai rijiyar burtsatse a gida zai iya jure wannan, amma wanda yake sayen ruwa a hannun 'yan garuwa zai ji a jikinsa.

Baƙar ƙasa kuwa tana da abin da yashi ya rasa, wato tana riƙe ruwa, tana riƙe taki, ciyawa kuma tana saurin kamawa a cikinta ta yi kore shar. Matsalarta ita ce ba ta zama inda aka bar ta. Ruwa yana danne ta, ruɓaɓɓen abin da ke cikinta yana ƙarewa a hankali, bayan damina ɗaya sai kwarin ya soma dawowa. Idan akwai laka da yawa a cikinta takan zo da hoge mai wuyar fasawa, ta yi taɓo idan ta jiƙe, ta yi ɓawo idan ta bushe, har ta toshe ciyawar da aka so a taimaka wa.

Abin da ya fi damuna game da baƙar ƙasar tifa shi ne ba a san inda aka ɗebo ta ba. Wata daga fadama take, wata daga tsohon juji, da leda da kwalba a ciki, kuma baƙinta ba shaidar kyanta ba ne. Idan ta zo da 'ya'yan aya-aya, an sayi aikin shekaru da kuɗi, domin wannan ciyawa tana ajiye 'ya'yanta a ƙarƙashin ƙasa, ana cire ganyen tana sake tohowa. Kashin shanu da bai ruɓe ba yakan kawo ƙarangiya da sauran irin ciyayi, yana kuma janyo gara da gwazarma, ɗanyen kashin kaji kuwa ƙone ciyawa yake yi. Na taɓa karɓar irin wannan ƙasa ba tare da na tankaɗe ta ba, kuma damina uku na yi ina tonon aya-aya da hannu a wurin da a da babu ko ɗaya.

Wanda zai raba gardamar gadina da maƙwabci shi ne ƙasar da ke ƙarƙashin ciyawar, domin ƙa'idar ita ce abin da za a zuba a sama kada ya yi nisa da abin da ke ƙasa. Gwajin ba shi da wuya. A tono ƙasa daga zurfin kamar santimita 10, a zuba ta cikin kwalba zuwa rabi, a cika da ruwa, a girgiza sosai a ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, mai laushin da ke bi masa zai ɗauki sa'o'i, laka kuwa takan yi kwana ɗaya ko fiye tana yawo a ruwan. Daga kaurin kowane hawa za a gane wanda ya rinjaya.

Idan ƙasar jigawa ce, irin wadda ta yawaita a Katsina da arewacin Kano da Maraɗi da Damagaram, ƙara mata zallan yashi ƙara mata ƙishirwa ne, don haka sai a ƙara kason ƙasa da ruɓaɓɓen taki. Idan kuma mai danƙo ce, to a cire tsammanin cewa yashin da aka shimfiɗa a sama zai sa ta riƙa shanye ruwa. Ruwan zai ratsa yashin nan da nan ya tsaya a kan lakar kamar a cikin kasko, saiwar ciyawa kuma ta zauna a hawan sama mai sauƙin shiga ta ƙi nutsewa, rani na zuwa ta bushe. Abin da ke taimakawa a nan shi ne a huda filin da cokalin lambu mai yatsu, zurfin santimita 8 zuwa 10, kafin a zuba komai, domin yashin ya gangara cikin ramukan ya haɗa sama da ƙasa.

Ga filinki, Hajiya, shawarata ita ce baro biyu na yashi, baro ɗaya na baƙar ƙasa tankaɗaɗɗiya, da shebur kaɗan na takin da ya ruɓe har ya daina wari ya koma kamar ƙasa. A gauraya su a bushe. Yashin ya kasance na rafi mai matsakaicin ƙwaya. Rairayi mai laushi irin na filasta yana matsewa ya hana iska shiga, wanda ke da tsakuwa kuma yana dakushe wuƙar inji, injin ma ya riƙa harba tsakuwar, abin da ba a so a gidan da yara ke wasa. Rariyar waya da magina ke tace yashi da ita ta isa ta raba su. Zallan yashi ina yarda da shi ne kawai a ƙananan lotsawa da ba su wuce kaurin yatsa ba, kuma a kan kiri-kiri, domin ita tana yaɗo ta sama tana kuma yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa, ko an ɗan rufe ta takan ɓullo. Ciyawar nan mai faɗin ganye da ake kira kafet ta sama kawai take yaɗo, saboda haka ita a rage kaurin abin da za a zuba mata.

Batun kauri shi ne inda tifar gadina za ta yi ɓarna. Kada zubi ɗaya ya wuce santimita 1 zuwa 1.5, kuma dole kan ganyen ciyawa ya riƙa leƙowa ko'ina bayan an gama, domin ciyawar da aka binne ba ta ganin rana, ruɓewa za ta yi. Lissafin a fili yake: murabba'in mita 80 a kaurin santimita 1 yana cin lita 800, wato kimanin baro 13 idan baron yana ɗaukar lita 60, kuma wannan idan duk filin za a rufe ke nan, alhali kwaruruwan kawai ake bi. Ko ƙaramar tifa ta ninka wannan sau da yawa, kuma na lura idan yashi ya taru a ƙofar gida ma'aikaci ba ya iya barinsa, sai ya baje shi duka.

Lokacin aikin shi ne sa'ad da ciyawa ke cikin ƙarfin girma. A Kaduna wannan yana kamawa daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, bayan ruwa ya zauna, a Kano da Sakkwato kuma sai an ɗan ƙara jinkiri zuwa ƙarshen Yuni ko farkon Yuli. Watan Agusta ruwansa ya yi ƙarfi, zai kwashe abin da aka zuba ya tara a magudana, hunturu kuwa ciyawa ba ta da kuzarin ratsowa. A fara yanke ciyawar ƙasa-ƙasa, a kwashe busasshen ganye da manjagara, a zuba haɗin ƙananan tsibi a cikin kwaruruwan, a ja miƙaƙƙen katako mai tsawon kamar mita biyu a kai domin ya aske tudu ya cike kwari, sannan a bi da tsintsiyar kwakwa har haɗin ya sauka gindin ciyawar. A yayyafa ruwa a hankali, ba a sakar masa tiyo da ƙarfi ba. Bayan mako uku ko huɗu, idan ciyawa ta rufe wurin, a maimaita inda bai cika ba.

Kwarin da ya zarce santimita 5 ba aikin barbaɗe ba ne, da yashi ko da ƙasa. A yanka ciyawar wurin da shebur mai kaifi, a ɗaga ta da saiwarta kamar ana naɗe tabarma, a cika ƙarƙashin da ƙasa irin ta filin, a tattake da ƙafa, a mayar da ciyawar ta ɗan ɗara kewayenta tsayi saboda za ta zauna, a riƙa ba ta ruwa kullum har ta kama. Tudun da inji ke askewa ma haka ake masa, sai dai a can rage ƙasa ake yi. Yayin da aka buɗe wurin a duba abin da ya sa ya lotsa, domin sau da yawa ɓaraguzan gini ne aka binne, ko kututturen bishiya da gara ta cinye, ko ramin da aka bi da bututu ba a danne shi sosai ba. Idan kwarin yana kan hanyar bututun ruwa ko kusa da sokawe, kuma ƙasarsa tana da laima ko da rani, a kira mai gyaran famfo ya duba kafin a sayi ko baro ɗaya na yashi.