Sharhi kan hayar falwaya da dala ɗaya a jihar Jojiya ta Amurka

A yawancin karkarar jihar Jojiya ta Amurka, ƙungiyoyin gama-kai ne suke kai wa jama'a wutar lantarki, kuma su ne masu turakun da ke jere a bakin hanya. Kamfanin sadarwa da ke son kai intanet ƙauye ba kasafai yake kafa nasa turaku ba. Yakan karɓi hayar ɗan gurbi a jikin falwayar ƙungiyar ya rataya wayarsa.

Dokar tarayya ta 1978 ta ba hukumar sadarwa ta FCC ikon ƙayyade kuɗin irin wannan haya, amma dokar ta tsame ƙungiyoyin gama-kai, shi ya sa aka daɗe ana ja-in-ja a kan farashi. A 2020 majalisar dokokin Jojiya ta miƙa maganar ga hukumar jihar mai sa ido kan harkar lantarki da sadarwa, ita kuma a watan Disamba ta raba kuɗin gida biyu. Inda babu intanet mai sauri, sabon mai rataya waya zai biya dala ɗaya kacal kan kowace falwaya a shekara har shekara shida, a sauran wurare kuwa dala 27.71.

A ganina wannan rabo ya yi adalci, kuma ƙungiyoyin sun cancanci yabo domin su suka kawo shawarar dala ɗayar da kansu. Ƙungiyar gama-kai mallakar masu shan wutarta ce, kuma a faɗin Amurka a matsakaici tana samun kimanin masu biyan kuɗi takwas ne kacal a kowane mil na waya. Da an karya farashin a ko'ina, da manomi da ɗan fansho ne za su riƙa ɗauke wa babban kamfani nauyi ta takardar kuɗin wutarsu.

Raunin wannan tsari yana jikin falwayar kanta. Wayoyin wuta da taransifoma suna sama, na sadarwa suna ƙasa, kuma ƙa'idar kariya ta ce a bar inci 40 a tsakani domin kada wuta ta ja ma'aikaci. Ta ƙasa kuma dole waya ta yi nisa da titi yadda babbar mota za ta wuce ba ta tsinke ta ba. Idan falwaya ta yi gajarta ko ta tsufa, sai an tuge ta an kafa doguwa, aikin da kan ci dubban daloli, bayan injiniya ya bi turakun ɗaya bayan ɗaya ya auna nauyin da za su iya ɗauka. Dala ɗaya ba ta rage ko kwabo daga wannan ba, kuma a nan ne aiki yake cin watanni, mutanen ƙauye suna ta jira.

Akwai kuma matsalar da ke fitowa daga ɓangaren kamfanoni, wato a kafa sabuwar falwaya amma tsohuwar ta ci gaba da tsayawa a gefenta saboda mai wayar sadarwa bai zo ya ɗauke kayansa ba. Guguwar Helene da ta karya turaku masu yawa a Jojiya a watan Satumba na 2024 ta nuna muhimmancin rubuta wa'adin irin wannan aiki ɓaro-ɓaro a cikin yarjejeniya.

Tsarin ya fi dacewa da ƙaramin kamfani mai niyyar shiga ƙauye da gaske. Kafin ya sa hannu, ya kamata ya zauna da injiniyan ƙungiyar a ƙirga turakun da sai an sauya, a kuma tantance wanda zai biya.