GARGAƊI: Mai tallan dashen crape myrtle a Facebook, dashen lalle yake turo wa mutane

Assalamu alaikum jama'ar Sakkwato, musamman masu sabon gini da masu son ƙawata gida da furanni. Don Allah ku karanta wannan har ƙarshe, abin ya faru da ni ne da kaina, ba labari na ji ba.

Wata biyar da suka wuce na ga talla a Facebook, wani mutum yana sayar da dashen bishiyar nan crape myrtle, hotuna masu kyau ƙwarai, bishiya ta cika da fure har ba ka ganin ganye, akwai ja akwai ruwan hoda akwai fari, har da shuɗiya shar kamar an tsoma ta a baba. Na daɗe ina son in dasa wani abu a ƙofar gidana a Arkilla banda dogon yaro da kowa ke da shi, sai na yi mai magana. Muka koma WhatsApp. Mutumin akwai ladabi, ranka ya daɗe, Alhaji kaza Alhaji kaza, ya ce daga Amurka aka shigo da irin, saura kaɗan ya ƙare, in ban biya yau ba gobe babu. Na tura kuɗin guda shida har da na mota. Bayan kwana huɗu direba ya kira ni, na hau kabu-kabu na je tasha na karɓo kwali, dashe shida a baƙar leda, kowanne bai wuce kamu ɗaya da rabi ba, an ɗaura masu ƙyalle kala-kala wai alamar launin furen.

Na haƙa ramu, na zuba takin shanu da ya ruɓe, safe da yamma ina ban ruwa, kuma kun san yadda ruwa yake a unguwarmu, wani lokaci jarka nake saya don su kaɗai. Suka kama, suka yi toho, ina ta murna.

Ranar wata Juma'a Inna ta zo gidan. Ta tsaya gaban shukar ta daɗe tana kallo, sai ta tsinki ganye uku ta murje tsakanin yatsunta da ɗan ruwa, ta riƙe muna ta hira. Can ta goge ta nuna min babban yatsanta, ya yi ja-ja kamar ruwan goro. Ta ce "Wanga ai lalle na. Wa ya ce maka fure na?" Wallahi jikina ya yi sanyi. Duk shidan lalle ne, wanda ko a bayan gidan Inna akwai shi kyauta.

Na kira shi na tura mai hoton yatsan, ya ce wai yaronsa ne ya yi kuskure wurin lodi, in ƙara kuɗin mota zai turo na gaskiya. Da na ce sai dai ya maido min kuɗina, nan take ya yi bulokin ɗina.

Abin da ya sa dabarar tasa take ci, bayan na bincika na gane lalle da crape myrtle dangi ɗaya ne, har da rumman ma cikin dangin. Suna ƙanana sun yi kama, ganye ƙanana, ɗanyen reshe mai kusurwa huɗu. Amma ganyen lalle ya fi siriri da tsini, in ka murje shi yana rina hannu, in ya girma ƙarshen rassansa kan zama kamar ƙaya, furensa ƙanana ne farare masu ƙamshi. Ita crape myrtle ganyenta ya fi faɗi kamar ƙwai, furen yana fitowa dami guda a kan reshe kuma a yamutse yake kamar takardar ado, ɓawonta sumul yana saɓulewa da kansa in ta manyanta. Sunanta na kimiyya Lagerstroemia indica, asalinta ƙasashen Asiya ne irin su China da Koriya, an dai kai ta Amurka ta yaɗu a kudancin ƙasar.

Sannan ku riƙe wannan da kyau, babu crape myrtle shuɗiya, babu rawaya. Fari ne, ruwan hoda, ja, sai shunayya. Duk hoton da kuka gani shuɗi shar an taɓa shi da kwamfuta. Haka masu tallan ƙwayar iri a ƙulle wai launi bakwai a bishiya ɗaya, ƙarya ce, ko irin gaskiya ka shuka ba lallai ya ba ka launin uwar ba, shi ya sa masu lambu suke yanko reshe su kafa a rairayi mai danshi har ya yi saiwa.

Bishiyar ita kanta ba ta da laifi kuma ban fasa nemanta ba. Tana son rana sosai, aƙalla awa 6 a yini, wannan kam muna da ita. Sai dai kar a dasa ta a watan Afrilu lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, a bari sai damina ta sauka wajen Yuni ko Yuli, kuma shekarar farko da ta biyu sai an dage da ruwa kafin saiwa ta yi nisa. In ta zubar da ganye da hunturu kar a tumɓuke, ɗabi'arta ce. A sabon toho take fure, don haka kafin ta fara tohon ake rage mata rassa, kaɗan kuma, ba a gundule mata kai.

Wanda zai saya ya taka da ƙafarsa ya je wurin mai lambu, ya ga uwar bishiyar ko dashe mai fure a jiki, ya murje ganye ɗaya a gabansa kafin ya ciro kuɗi.

Mutumin nan ya canza sunan shafinsa amma hotunan su ne dai, har shuɗiyar, kuma na ga yanzu guruf-guruf na mata yake bi, jiya wata ƙanwar matata ta turo min tallan tana tambaya ko ta saya. Don Allah ku tura wa iyayenmu mata da ƙannenmu. Wanda ya riga ya biya ya ajiye rasit ɗin tiransifa da hirarsu ta WhatsApp kar ya goge, ya kai ƙorafi bankinsa da wuri, ni na kai nawa ranar Litinin.