Kafin ka sayi tarkon zarge a Amurka ko Kanada: abin da ya cancanci kuɗinka

A Amurka kowace jiha tana da dokarta ta ɗana tarko, haka ma lardunan Kanada, don haka abin da mai shago zai sayar maka da murmushi yana iya zama haram a dajin da za ka shiga. Littafin dokokin farauta na jiharka kyauta ake bayarwa, kuma shi ya kamata ka fara karantawa, musamman wurin da ya faɗi lokacin duba tarko. A Pennsylvania bai halatta ka wuce awa 36 ba ka leƙa ba, a Idaho awa 72 ne, a Wisconsin kuwa wanda aka ɗana a tudu kullum ake zagaya shi. Wannan lokaci shi zai gaya maka tarko nawa za ka saya. Mutumin da ke da aikin ofis, ga dusar ƙanƙara har gwiwa, ga rana mai faɗuwa da wuri, in ya kwashi ɗari don ya ga araha, dabbobi ne za su kwana suna shure-shure a madadinsa.

Zargen kansa iri biyu ne. Akwai mai makulli, wato ɗan ƙarfen da ke riƙe madaukin wayar, da ke ƙara matsewa duk lokacin da dabba ta ja, an yi shi ne don ya kashe. Akwai kuma mai makulli mai sassautawa, wanda ke riƙe dabba da rai kamar kare a sarƙa, in ta daina ja ya saki kaɗan. Inda akwai gidaje da karnukan mutane, na biyun nake ba da shawara, ko da doka ta yarda da na farkon. Sai dai yana ɗaure mai shi da zagaye ba fashi, tunda dabba mai rai ce ke jiransa. A Pennsylvania sai ka yi kwas na musamman kafin a bar ka ka ɗana shi.

Ka ɗauki zargen a hannu ka duba ƙananan ƙarafa biyu. Na farko ɗan ƙugiya ne da aka yi don ya buɗe idan babbar dabba kamar barewa ko saniya ta fizga da ƙarfi. Na biyu ɗan dunƙulen ƙarfe ne da aka matse a jikin wayar, yana hana madaukin rufewa gaba ɗaya, ta yadda ƙafar barewa za ta zame ta fita. Wanda ba shi da su ya fi araha, amma ni ba zan saye shi ba. Waya mai saƙar 7x7, wato igiyoyi bakwai masu silin ƙarfe bakwai-bakwai, tana da laushi, tana da sauƙin sarrafawa ga sabon hannu, ita kuwa 1x19, wato igiya ɗaya mai sili goma sha tara, ta fi tauri kuma ta fi jure taunar koyote, ɗan'uwan dila na can.

Sai lambar shaida, wadda jihohi da dama suka wajabta a kowane tarko, ɗauke da suna da adireshi ko lambar da hukuma ta ba ka. Nan ne mutane ke yin rowa, alhali ita ce mafi ƙanƙantar kuɗi. Ta jan ƙarfe da aka buga haruffanta da guduma ta fi: tana dushewa ta saje da daji, rubutun kuma yana nan. Ta roba sanyi na iya fasa ta, rubutun alƙalamin tawada kuma rana da ruwa suna goge shi. Ta alminiyom ba laifi, illa ƙyallinta. Kowacce ka zaɓa, ɗaura ta can kusa da turke, nesa da bakin dabba, don in lambar ta tsinke jami'in gandun daji zai ɗauki tarkon a matsayin mara lamba.

Gane wurin da ka ɗana kuma wani abu ne daban. Ƙyallen leda mai ruwan lemo a reshe ba ya cin kuɗi, amma yana nuna wa ɓarawo hanya, iska kuma tana yage shi. Na'urar GPS ta hannu, irin ta Garmin, ta fi wayar salula a dajin da ba sabis, muddin ka sa mata batirin litiyom mai jure sanyi. Duk da haka ka riƙe ɗan littafi da fensir, domin biro yana daskarewa. Rubuta adadin zargen kowane wuri, ranar kwashewa ka ƙirga su dawo cif, saboda wanda aka manta zai ci gaba da kamu bayan an rufe kakar farauta.

Kyamarori da na'urorin da ke turo saƙo in tarko ya kama suna da tsada, kuma ba kowace jiha ce ke lissafa su a matsayin dubawa ba. Ka tambayi hukumar namun daji a rubuce kafin ka biya.